Ranar da Innarki Ta Ƙi Tsallaka Hindatu

Dogon Dutsi, Lahadi da hantsi

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni babanki, da innarki, da ƙannenki, da duk wanda ke shan ruwa a randar gidan nan. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa kin sauka Yamai lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, da na mai yi miki dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Ko akuyar nan taki mai cin sabulu ta rage ɓarna tun da kika tafi, na rasa gane ko kewa ce ko ƙoshi.

Kin san ni mai baki ne, rubutu bai dame ni ba. Duk shekarun da na yi a tsaye gefen tele ina fassara wa mutane fim a gidan kallona, da baki na ciyar da ku. Amma maganar yau ta fi ƙarfin salula, don in na kira ki za ki dinga katse ni da "to Baba, na ji Baba", ni kuma in manta rabin abin da na ƙulla. Ki sami wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Ran da muka raka ki tasha, kin jawo ni gefe kin ce: "Baba, na riga na hwaɗa ma masu shirin, kada su sa sunana na gaskiya a jenerik, wurin nan da sunaye ke hitowa. Wani suna za su rubuta, kuma ba su cewa daga Dutsi nike. Ban son a tada ma Inna tsohon zance." Na gyaɗa kai, har na sa miki albarka, na dawo gida ina taƙama na haifi mai hankali. Gyaɗa kan nan kuskure ne, kuma yana da yayye da suka riga shi. Su zan jero miki, don ki san irin uban da kika nemi shawararsa.

Na gane tunaninki. An ɗauke ki a shirin tele mai dogon zango, kuma babban matsayi aka ba ki: uwar masu shan jini, matar nan da kika ce ta ƙi mutuwa tun kafin zuwan Nasara, tana yawo bakin kogi cikin lulluɓi, tana gaida mutane da ladabi kafin ta kama wuyansu. Ke kuma ɗiyar Sahiya ce, wadda aka taɓa kira mayya a ƙofar gidanta, unguwa na kallo. Gwaggonki Dije ta cika miki kunne cewa ran da aka gan ki a tele da jini a baki, masu tsohon zance za su ce ai ga shi nan, abin a nono yake. Tsoronki na ƙauna ne, na sani. Sai dai kina 'yar yarinya abin ya faru, daga ƙasa kika gan shi, ta tsakanin ƙafafun manya. Bari wanda ya haddasa shi ya ba ki shi dalla-dalla.

A lokacin gidan kallona zana ce kewaye da benci, da tele guda, da ɗan gurup, injin ba da wuta, mai tari kamar tsohon mashayin taba. Fina-finan da Faransanci suke zuwa, masu kallo kuwa akasari 'yan kasuwa ne da masu amalanke da samarin ruga da suka kawo dabbobi kasuwa suka kwana a gari. Ni da na tsaya a aji shida na lakwal, makarantar boko, ni ne gwanin Faransancinsu. Abin da na ji in fassara, abin da ban ji ba in ƙirƙira, kuma wanda na ƙirƙira ya fi karɓuwa.

Sai Allah ya kawo mini wani shiri mai dogon zango na masu shan jinin Turawa. Uwata, ban taɓa ganin abin da ya kama mutanen Dutsi kamarsa ba. Mu da muka tashi da labarin doguwa da mayu masu kama kurwa, sai ga na wata ƙasa da kwat da takalmi mai sheƙi, suna kwana cikin akwatin gawa, suna gudun rana, madubi ba ya nuna su, tafarnuwa na korarsu. Mai sayar da tafarnuwa a kasuwa har gida ya zo yi mini godiya. Ana idar da magariba benci ya cika, in tsaya da 'yar sandata ina nuna tele ina cewa: "Jama'a ku diba! Wanga bawan Allah tun zamanin kakanni shina kwana cikin akwati, ko so ɗaya bai wanke baki ba, kuma hakanan shika neman sumba!" Sai wuri ya kaure da dariya.

Innarki kuwa tana bakin ƙofa da kaskonta tana tuyan ƙosai, duk mai shiga sai ya saya. Hayaƙin icce ya daɗe da mayar da idonta ja. A cikin shirin akwai wata mace, ita ce babbarsu, wadda idonta ke kaɗawa ya yi jawur in yunwar jini ta taso mata. Wata rana shaiɗan ya hau bakina, na nuna ta da sanda na ce: "Ga Sahiya ta taso, kowa shi kama wuyanai!" Aka yi dariyar da ban taɓa samu ba. Innarki ta ɗaga murya daga ƙofa ta ce: "Bari in ƙare tuya, kai zan hwara ci!" Wani saurayi ya faɗo daga benci don dariya. Tun daga ranar matar nan ta tele ta rasa sunanta na Turai, Sahiya ta zama, kuma ni ne na riƙa maimaitawa kullum don na ga abin na kawo jama'a.

To ki ji, tunda ke ma yanzu da idon jama'a za ki ci abinci. Dariyar mutane zuma ce, mai lasa ba ya cewa ta isa. In ta fara zuwa, ki duba da kyau da me kika saye ta. Ki yi wasa da tufafi, da murya, da haƙoran roba, da kanki in kin so, amma kada ki taɓa ɗaukar suna ko tafiya ko idon wani mai rai ki liƙa wa dodo don a tafa miki. Ke za ki wanke fuska ki tafi gida, shi kuwa da fuskarsa zai kwana ya tashi. Ni matata na yi wa, da ƙauna ma na yi, kuma magana zarar bunu ce, ban iya mayar da ita ba.

Na manta abin da kowa a unguwa bai manta ba, cewa innarki 'yar ƙauyen Lugu ce. Mutanen gari suna alfahari da Lugu in ana zancen waɗanda suka tsaya wa Nasara, amma in aka koma zancen iskoki sai a rage murya a kalli juna. Kakarta 'yar bori ce sananniya, kuma ba ta taɓa ɓoye haka ba. Alamu sun fara fitowa ina gani. Yara na wucewa gaban kaskonta su ce "kurwata kur" su ruga. Ƙosai ya fara kwana. Wata maƙwabciya ta daina aiko ɗiyarta ɗibar wuta. Innarki ta gaya mini, na ce wasan yara ne, ta bar su. Wanzami ba ya son jarfa, amma a jikin wani ba ya ganin zafinta. In wanda ke kusa da ke ya ce abu na cizonsa, Uwata, kada ki auna da fatarki, ki yarda da shi tun abin bai kumbura ba.

Damina ta yi tsakiya, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya shiga gidaje. Ya kama Hindatu ƙawarki, ɗiyar Alhaji Gado maƙwabcinmu mai fataucin wake. Kin san ku biyu kuna laɓewa bayan zana kuna kallon shirin nan ta ɓula, kuna zaton ban sani ba. Jikin ya yi tsanani har ta fara sambatu, kuma abin da take ta faɗa shi ne: "Sahiya ta taso, Sahiya ta taso, za ta kama min wuya." Sahiyar tele yarinyar take gani. Amma a garin nan kowa ya san cewa wanda maye ya kama, sunan mayen yake kira in ciwo ya ci ƙarfinsa.

Da safe ina shan kunu a zaure sai ga su. Alhaji Gado a gaba, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Bayansa matarsa Balki da yarinyar a kafaɗa, da uwarsa Kaka Igge tana dogara sanda, da jama'ar unguwa har bakin masallaci. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu aka kwantar da Hindatu. Kin san al'adar: a fito da wadda ake zargi ta tsallaka marar lafiya, wai ta haka za ta saki kurwar da ta kama. Kaka Igge ce ta yi magana: "Tankari, kira matarka. Ba mu zo hwaɗa ba. Ta tsallake ta, ta sakam muna ɗiya, kowa shi tahi gidanai."

Wani daga baya ya ce: "Ai da bakinta tac ce mijinta za ta hwara ci, dut mun ji."

Na shiga cikin gida. Na tarar da innarki ta riga ta ji, tana tsaye bakin murhu tana ɗaura zane. A nan na yi kuskuren da ya fi duka girma. Na ce mata: "Sahiya, don Allah ki tsallake ta a wuce wurin. Taki ɗaya ne. Mun san ƙarya ne, amma a zauna lafiya." Ta dube ni da jajayen idanun nan da na mayar abin dariya, ta ce:

"Taki ɗaya? In na tsallake wagga ɗiya yau, na amsa sunan ke nan. In ta tashi, a ce na sake ta. In ta mutu, a ce na ƙi saki. Kuma tunda sun ce a nono yake bi, ɗiyata za ta tsallake ɗiyan mutane har ta tsuhwa, ita da ɗiyanta. Kai ka aro mani sunan, Tankari. Ni ba ni saye."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ke take nufi, Uwata, kina manne da ƙofar ɗaki kina kuka. Ni ina tunanin yadda taron zai watse kafin rana ta yi zafi, ita tana hango ki da furfura. Za ki haɗu da masu ce miki "yi kawai a wuce wurin", kuma yawancinsu masoyanki ne masu tsoro, irina. Ki tambayi kanki abin da za a kira ki da shi bayan an wuce wurin. In sunan ba zai wanku ba, ki tsaya inda kike ko da ubanki ne ke roƙo.

Ta fita. Aka buɗa mata hanya, har da wuce gona da iri, don ba mai son inuwarta ta taɓa shi. Ta durƙusa gefen tabarma ba ta taɓa yarinyar ba, ta ce wa Balki, wadda ƙawarta ce tun suna amare: "Buɗe tahin hannunta in gani. Ja hwatar idonta." Balki ta yi. Fari fat, kamar ƙwaryar da aka wanke. Innarki ta miƙe ta ce: "Wagga ɗiya jini na babu. Ni ba ni tsallake kowa. Na tahi asibiti, can nika jiran ku. Wanda ya bar ta ta mutu bisa tabarma, shi na mayen, kuma kun gan shi da idonku." Ta yafa mayafi ta kama hanya da ƙafa, ba ta waiwaya ba.

Kaka Igge ta shiga cewa a kamo ta. Ba wanda ya motsa, kowa na tsoron kama mayya. Balki ce ta sunkuya ta saɓi ɗiyarta, ba ta nemi izinin kowa ba, ta bi bayan innarki. Alhaji ya tsaya yana duban uwarsa yana duban matarsa, sannan ya ɗaga hannu ya tsai da kabu-kabu. Ni ma na bi, taron ya bi mu, don mutanen Dutsi ba sa barin kallo a tsakiya, ni shaida ne.

A asibiti lokotoro, wato likita, ya duba Hindatu ya ce zazzaɓin sauro ne ya cinye jininta, sai an ƙara mata yanzun nan, kuma wanda ke ajiye irin nata ya ƙare, sai dangi su bayar. Uwata, da kin ga yadda mazajen nan suka narke. Wanda ya fi kowa ihu a ƙofar gidanmu ya tuna bai ɗaure jakinsa ba. Wani ya ce shi jininsa in ya fita ba ya dawowa. Alhaji ya miƙa hannu aka gwada, bai dace ba. Balki na da ciki, aka ce ba a ɗibar nata. Na miƙa nawa ina fatan in wanke kaina, shi ma bai dace ba, ranar dai ba abin da ke jikina ya yi amfani. Innarki ta naɗe hannun riga ta ce a gwada. Lokotoro ya dawo ya ce nata ya yi daidai.

Kaka Igge ta buga sanda a ƙasa ta ce: "Jinin mayya za a ɗura ma jikata? Ina raye?"

Innarki ta juyo a hankali ta ce: "Inna Igge, ke kinka ce ni mayya ta, kuma ke kinka ce abin shina bin jini da nono. To ga shi. In kin yarda anka sa mata, dut sunan da kinka kira ni da shi daga yau, jikarki ta gada. In kin ƙi, tahi ki nemo mai jini mai tsarki, amma ki yi hamzari, diba numhwashinta."

Kowa ya dubi Alhaji Gado. Mutumin nan ya cire hularsa ya matse ta a hannu, hawaye na bin gemunsa, ya ce: "Lokotoro, sa mata. In mayya ta, gidana ya zama gidan mayu, na yarda."

Aka kwantar da innarki. Ina tsaye kanta na kasa haɗa ido da ita. Ta dubi jakar da jinin ke taruwa ciki, ta ɗaga murya don na bakin taga su ji, ta ce: "Ashe ja na, awa na kowa." Wata ma'aikaciya ta fashe da dariya, na waje ma wasu suka yi, irin dariyar wanda aka kama. Kafin la'asar Hindatu ta buɗe ido ta nemi ruwa. Na fita bayan ginin na yi kuka mai isata, na farin ciki da na kunya a haɗe, kuma ban taɓa alfahari da wani ɗan Adam kamar yadda na yi da matar nan ranar ba.

Bayan an sallame su Alhaji ya zo da goro, da rana, ya kuma nemo waɗanda suka rako shi ran farko suka tsaya a wuri ɗaya, ya nemi gafara da ƙarfi. Kaka Igge ba ta taɓa cewa a yafe mata ba har ta koma ga Allah, girman kai ya hana. Amma ita ta zama mai gadin sunan innarki. Duk wadda ta soma zancen a wurin suna ko biki, tsohuwa za ta ɗaga sanda ta ce a kama baki, don ta san inda zancen zai ƙare. Kullum da safe kuma sai ta aiko a sayo mata ƙosai, ta ce na Sahiya ne kaɗai ba ya ɓata mata ciki.

Kina zaton na yi hankali daga nan? Ina. Na rufe gidan kallo, na tura tele ƙarƙashin gado, na hana ki ko leƙa na wasu. Na ce fina-finan nan ne suka jawo mana, kayan shaiɗan ne. Na koma zaman zaure ina kaɗa ƙuda. Innarki ta ƙyale ni na ɗan lokaci, sannan wata rana ta jawo telen da kanta ta dire a gabana ta ce: "Wuƙa ta yanke ka, sai ka bar cin nama? Ba tele tac ce Sahiya ba, kai kac ce. Tashi ka buɗe, in ba haka ba su ce mun ɓoye don muna da abin ɓoyo." Mai laifi yana son ya ɗora wa abin da ba ya magana, Uwata. In kin yi kuskure a aikinki, kuma za ki yi, ki gyara hannunki, kada ki jefar da sana'ar.

Na buɗe, na ci gaba da shirin daga inda muka tsaya. Ta dasa kaskonta a bakin ƙofa kamar da, jama'a suka dawo suna sunkuyar da kai. Na mayar wa matar tele sunanta. Kuma da na daina neman dariya da ita, sai na fara ganin abin da ke gabana tun farko ban lura ba. Matar nan ba wanda ke cin abinci da ita. In ta shiga wuri uwaye su janye 'ya'yansu. Duk wanda ta so ya tsufa ya mutu ya bar ta. A wani kashi ta tsaya bayan taga tana kallon wasu na cin tuwonsu na Turai suna hira, na fassara wurin a hankali ba ƙarin gishiri, na ce: "Wagga ba jini taka nema ba yanzu, wanda za shi ce mata bismilla taka nema." Gidan kallo ya yi shiru, har tarin gurup ake ji. Mutanen da ke kan bencin nan sun san wadda suka hana wa bismilla. Na waiga na ga idonki a ɓular zana, ban kore ki ba, kuma ina jin tun ranar aikin nan ya kama ki.

Saboda haka ga shawarar tsohon mai fassara a kan matsayinki. Kada ki yi ta zare ido da gurnani, wannan ko ɗan akuya ya iya. Mai shan jinin da ke tsorata mutane shi ne mai gaisuwa da kyau, mai tambayar lafiyar yara. Ki ba ta ladabi, ki ba ta kaɗaici, ki bari a ji tsoronta a kuma ji tausayinta, har mai kallo ya rasa wanne zai riƙe. Ke kin san yadda mace ke tafiya in mutane na janye inuwarsu daga tata, kin gani a gidanku, ba sai wani ya koya miki ba.

Akwai kuma wata doka tasu da na daɗe ina so: duk ƙarfinsu ba sa shiga gida sai mai gida ya ce su shigo. Ki riƙe ta a Yamai. Za ki ga masu kwat da turare da za su ce su ne za su ɗaga ki sama, su san kowa, su buɗe kowace ƙofa. Wasu na kirki ne. Wasu kuwa ƙuruciyarki suke son sha su bar ki fari fat. Ba su da iko da ke sai kin ce bismilla, don haka ki yi rowar kalmar nan. Ki ci abinci, ki riƙe sallarki, ki kwana cikin gidan sauro, don na ga abin da sauro ke yi wanda ya fi ƙarfin kowane maye.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ɓoye wa innarki maganarmu ta tasha, har ranar Juma'a da safe bakina ya suɓuce, na gaya mata ina yabon hankalinki. Ta ajiye matsamin ƙosai. Ta shiga ɗaki ta sa atamfarta ta salla, ta ɗaura kallabi ya tashi sama, ta nufi kasuwa. Na bi ta a baya kamar yadda na saba. Ta tsaya tsakiyar rumfunan mata, inda masu nono da masu kayan miya ke haɗuwa, ta tafa hannu ta ce: "Ku ji a bakina tun ba ku ji ga wani ba! Ɗiyata za ta hito tele, ƙasa dut ta gan ta. Ita ta uwar masu shan jini. Ran da za a hwara, kowa shi taho da tabarmatai gidan kallon Tankari!"

Gwaggonki Dije na wurin tana sayen daddawa, saura kaɗan ta zauna cikin tire. Wata mata daga gefe, cikin sababbin zuwa unguwa da suka tsinci zancen a bakin wasu, ta ce ƙasa-ƙasa amma don a ji: "Ai ba a rasa nono a ruga." Innarki ta juya ta dube ta tana murmushi ta ce: "Gaskiyarki, ba a rasawa. Ran da ɗanki ya rasa jini, taho rugar, tana nan buɗe." Uwata, kasuwa ta ɗauka. Hindatu, da ke da rumfar atamfa yanzu da goyonta a baya, ita ta fara rangaɗa guɗa, Fulanin nono suka amsa, mahauta suna buga wuƙa a kan teburi. Matar nan ta tattara kayanta ta sulale. Ni kuwa na tsaya ina washe baki kamar ni na yi abin.

Kin ga ke nan. Macen da kike son ki ɓoye sunanki don ki kare ta, ta riga ta ci wannan yaƙi tun kina laɓe a bayan ƙofa, kuma da rana ta ci shi, gaban kowa. In kika ɓuya yanzu, kin ba masu zance abin da ita ta hana su. Ki je wurin masu shirin ki ce kin canza shawara, ubanki ya janye gyaɗa kansa.

Allah ya tsare mini ke a fitarki da shigarki. Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa, ya raba ki da mahassada da masu daɗin baki. Ya ba ki lafiya da kwarjini, ya sa aikin nan ya zama alheri gare ki da mu, ya dawo mana da ke lafiya ki same mu lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa tsohonki mai dogon baki.

Innarki na tsaye a kaina tun ɗazu, ta ce in karanta mata abin da na rubuta, na karanta, ta ce na cika surutu amma ban yi ƙarya ba. Ta ce in ƙara wannan yadda ta faɗe shi, kada in sa gishiri: "A rubuta sunanta, da na ubanta, da na garinmu, kuma in akwai wuri a ƙara ɗiyar Sahiya. Ki ce masu su yi shi da manyan baƙaƙe. Idona ya rage, kuma ba ni barin kasko in zamna benci. Daga bakin ƙohwa nika son in gane shi."

Wassalam.

Babanki,
Tankari mai gidan kallo